Batirin Maƙetarar Gabaruwa

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: na ci naman san nan. Ranar da jirgi ya kwashe amalanken Auta a maƙetarar Gabaruwa, sa ɗaya ya mutu nan take, ɗayan kuwa aka tarar da shi da sauran numfashi, aka yi maza aka sa masa wuƙa tun gawar mai shi tana kwance a gefen layi an lulluɓe ta da buhu. Kowa ya ce ai zunubi ne a bar halal ta zama mushe. Ni ma haka na ce, har da sauke murya irin ta malamai, na kuma ƙunshe kasona a leda na kai gida. Maiɗakina ta yi farfesu. Na nemi ƙari. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ɗauka mai ba da labarin nan ya fi mutanen cikinsa.

Gabaruwa 'yar tasha ce a kan layin dogon da ya taso daga Kano ya nufi Nguru, ba nisa da Haɗeja. Duk Talata jirgi kan tsaya ya kwashi masu bandar kifi da buhunan shinkafa da 'yan ƙwadago masu zuwa birni. A takarda, ƙarfe takwas na safe yake zuwa. A zahiri kuwa, in ya iso kafin Azahar sai a ce yau direba ya yi faɗa da matarsa ya fito da wuri.

A daminar da nake magana aka gyara tashar. Aka yi dandamalin siminti, aka kafa rumfar kwano, aka ja waya a gefen layi har ta toshe burtalin shanu. Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne shingen maƙetara: dogon ƙarfe mai fenti ja da fari, ga ƙararrawa, ga fitila, ga akwatin batir mai cin hasken rana. Aka ce da ya ji jirgi zai sauka da kansa. Ranar Alhamis da aka buɗe shi ya sauka ya tashi har sau uku, muka yi ta tafi kamar mu muka ƙera shi. A wurin kuma aka sallami Baba Modu, wanda ya shekara talatin da ɗaya yana taka layi kowace safiya daga tasha zuwa gada yana duba ƙusoshi, ranar jirgi kuma ya tsaya a maƙetara da jar tuta. Aka ba shi bokitin roba mai hoton babban baƙo a jiki.

Talatar da ta biyo baya jirgi ya zo ƙarfe takwas daidai. Shinge bai sauka ba, ƙararrawa ko tari ba ta yi ba. Auta ya dubi ƙarfen a miƙe sama, ya yarda da shi, ya kaɗa shanunsa.

* * *

Ba a gama rabon nama ba wani ya lura an ɓalle kwaɗon akwatin. Batir babu.

Mutanen Gabaruwa ba sa wahalar da kansu da tunani in akwai ɗan gwangwan a kusa. Gana ke nan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, baƙo daga wajen Kirikasamma, shekararsa biyu kacal a garin, ba shi da dangin da za su yi masa ihu. Aka tarar da matattun batira tara a rumfarsa. Na shingen ba ya ciki, amma wa ya tsaya dubawa? Aka cinna wa rumfar wuta, shi kuma aka ja shi a ƙasa har ƙofar Bulama, mai garin, Munzali yayan marigayi yana gaba da galan ɗin fetur.

Ruwa ya cinye hanyar Haɗeja tun makon jiya. 'Yan sanda suka ce a waya sai gobe, in an samu kwalekwale. Bulama ya sa aka jefa Gana cikin zaure, shi kuma ya tare ƙofa da jikinsa.

"Munzali, je ka binne ɗan'uwanka tukuna. Ka ba ni zuwa La'asar."

"Allah ya taimaki Bulama, na ba ka. Kai na ba, ba shi ba." Ya ajiye galan a gindin bango. "In aka sallame La'asar ba a nuna mini wani ɓarawon ba, wannan nawa ne. In ka hana ni shi, har da zauren."

Sai Bulama ya aika a kira Bala Mai Sawu.

Bala ya ba sittin baya, gwiwarsa ta hagu ta daina jin magana. A zamaninsa ya taɓa bin sawun raƙumin sata daga Baturiya har ƙetaren iyaka ya dawo a kansa. Amma rabon da a neme shi shekara goma sha ɗaya, tun da ɓarayin shanu suka koma loda su a mota. Samarin yanzu ba su san shi da komai ba sai tsohon da ke cinye Baba Modu a dara kullum a gindin tsamiya. Da saƙon Bulama ya iso, an ce rai ne a kan layi, a yi sauri. Bala ya yi sauri, amma sai da ya canza hula.

* * *

A gindin akwatin bai samu komai ba sai sawun garin gaba ɗaya, har da na mai ba ku labari, wanda Bala ya duƙa ya duba ya ce, "Wannan ya tafi da ƙunshi a hannun hagu, yana sauri." Na mayar da hankalina kan gajimare.

Ya bar taron ya yi babban zagaye, ya gangara bayan tudun layi inda laka take. Ruwan jiya ya ɗauke ne wajen assalatu, don haka duk sawun da ɗigon ruwa bai tsattsaga cikinsa ba, na bayan Asuba ne. A can ya same shi, shi kaɗai, ya sauko daga wajen akwatin ya nufi fadama, ya kuma dawo.

Takalman roba ne, dogayen nan na masu dashen shinkafa, waɗanda kowane gida a Gabaruwa yake da su. Ba yatsa, ba diddige, ba tabo. A tafiya sawun ya nutse, mai shi yana ɗauke da nauyi. A dawowa ya yi sama-sama. Bala ya naɗe wando ya bi shi cikin kacalla, doguwar ciyawar nan da ta cinye rabin fadamun Haɗeja, ruwa har cinya, sauro na yi masa maraba.

A kan wani suri da ruwa bai kai ba ya tarar da batirin. An yanko ciyawa an yi masa shimfiɗa, an naɗe shi da leda, an ɗaure da tsumma, an kifa masa buhu saboda ruwa.

Bala ya daɗe yana kallonsa. Ɓarawo ba ya yi wa kayan sata goyo. Wannan ajiya ce, mai ita yana nufin ya mayar.

Ya bar shi a nan ya koma kan sawun. Ya karya kara ya auna taku, daga diddige zuwa diddige. Gajere ne. Mai ɗauke da nauyi dole takunsa ya gajarce, wannan ba labari ba ne. Amma da ya ɗora karan a kan sawun dawowa, na hannu wofi, sai ya zauna daidai. Ya auna goma, ya auna ashirin, a laka, a gangare, a hawan tudu. Ɗan Adam in ya hau tudu takunsa kan ragu, in ya gangara ya ƙaru. Wannan ko tsawon farce bai motsa ba, kamar tela ne ya yanka masa.

Ya soke karan a ɗamara. Bai taɓa ganin irinsa ba, abin kuma ya yi masa daɗi, Allah ya yafe masa.

* * *

Gana yana kwance a zaure, hannu a baya, leɓensa ya kumbura kamar gurasa.

"Baba Bala, don girman Allah."

"Miƙe ƙafa."

Ya miƙe su. Ƙafafu zalo-zalo kamar na zalɓe.

"Ina kake bayan Asuba?"

"Ina kwance. Wa zai shaide ni, ni gwauro? Sai kajina, su ma sun ƙone."

"In ka sayi batir yaya kake yi da shi?"

"In fasa shi in zubar da ruwan in ciro dalma. Dalmar ake saya, Baba."

"Ba ka naɗe shi a leda?"

Gana ya so ya yi dariya, haƙarƙari ya hana. "Leda? Ai ba tsire ba ne." Ya haɗiye yawu da ƙyar. "Ku tambayi Julde mana. A gaban kowa ya rantse sai ya ga bayan gyaran nan. Don shi yana da sanda da 'yan'uwa shi ya sa ba a je rugarsa da fetur ba?"

Bala ya juya ya fita. Gaskiya ce, kuma ba ita aka aiko shi nema ba.

* * *

Julde Bafulatani ne mai shanu kusan saba'in, wanda wayar tasha ta raba da mashaya. Bala ya same shi yana cire wa ɗan maraƙi kaska.

"Wayar? Ni na yanke ta," in ji shi, ko kai bai ɗaga ba. "Sau biyu. In suka ɗaura, na ukun ma ni ne, ka ajiye karanka ka huta. Hanyar da kakana ya bi da shanu tun jirgi bai san akwai Nguru ba, sai wani mai farar mota ya zo ya ɗaure ta kamar bakin buhu?"

"Batir fa?"

"In yi me da shi? In tatse shi?"

Maraƙin ya ƙwace ya ruga, Julde ya bi shi. Bala ya duƙa ya ɗora kara a sawun. Kara ɗaya da rabi, wani wurin har biyu.

"Ka gama auna ni?" in ji Julde da ya dawo. "In mai gani kake nema, je wajen 'Yar'azumi. Ko ƙuda ne ya ratsa tashar nan ta san sunan ubansa."

* * *

'Yar'azumi mai koko da ƙosai shekararta goma sha tara a bakin tasha. Ya tarar da ita tana fifita ƙullun wake da ya fara tsami.

"Yaya Bala, ka taɓa ganin rashin mutunci irin na jirgin nan? Ko mai ban ɗora ba! Kwano huɗu na markaɗa. Allah ya jiƙan Auta, amma dubi ƙullun nan."

"Wa kika gani wajen akwatin da safe?"

"Ni da ban fito ba sai bakwai da rabi? Wa yake fitowa da sassafe ranar jirgi?" Ta rage murya. "Amma in ni ce kai, zan tambayi Malam Khalid shugaban tasha. Mabuɗin yana hannunsa, matarsa kuma tun Sallah take yi mana fankama za ta sayi firji."

"Mai mabuɗi ba ya ɓalle kwaɗo."

"Sai in yana so a ce haka." Ta kori ƙuda. "Kai, yau kowa sai da jirgin nan ya shammace shi. Ko Baba Modu da bai taɓa makara ba, sai bayan ƙarar ya iso a guje, ba hula, tuta a hannu, sabon wanki har da guga. Ya tsaya tsakiyar maƙetara yana ɗaga ta, jirgi kuwa tuni ya yi abin da zai yi. Sai da aka janye shi. Tsufa dai ba kyau."

"Sabo ne," in ji Bala. A ransa ma haka ya ɗauka.

Ya leƙa ofishin Malam Khalid. Mutum ne mai teɓa, yana tafiya yana watsa ƙafa gefe-gefe kamar agwagwa, ya kuma rantse da abubuwa da yawa tun ba a tambaye shi ba. Kara bai zauna a sawunsa ba.

* * *

Rana ta take, an tafi da Auta maƙabarta. Hanyar da ta taso daga tasha zuwa cikin gari ruwa ya kwanta mata, sai Bala ya hau kan layi, yana taka katakan da aka jera a ƙarƙashin dogo.

Duk wanda ya taɓa tafiya a kan layin dogo ya san tsiyar katakan nan. Ka taka ɗaya-ɗaya, sun yi kusa. Ka tsallake ɗaya, sun yi nisa. Dole mutum ya ajiye tafiyarsa ta gado ya ɗauki tasu. Gwiwar Bala ta fara zaginsa, shi kuma yana zagin Turawan da suka jera su. Yana cikin haka ya dubi ƙafafunsa, ya tsaya cak.

Ya zaro karan ya duƙa. Ya ɗora shi daga tsakiyar wannan katako zuwa tsakiyar na gaba. Ya zauna kamar a nan aka haife shi.

Ya matsa gaba ya sake. Ya sake. Ya yi ta sakewa har wuri bakwai, ba don yana shakka ba, sai don yana neman katako ɗaya da zai ƙaryata shi. Mutum ɗaya ne a Gabaruwa da katakan nan suka shekara talatin da ɗaya suna koya wa tafiya, har ƙafarsa ta manta da wata. Bala ya shekara ashirin yana kallon mutumin yana tahowa gindin tsamiya da 'yan takunsa kikit-kikit, yana yi masa ba'a wai kamar amarya. Bai taɓa aunawa ba. Wa ke auna abokinsa?

* * *

Modu yana zaune a gindin tsamiyar, ƙasar maƙabarta a ƙafarsa, yana share ramukan dara da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Mutumina, ka samu wani abu?"

"Kara kawai."

Bala ya zauna ya ajiye karan a tsakaninsu. Modu ya daɗe yana kallonsa. Shi ma ya san tsawon nan, ko ido rufe.

"Yaron nan Gana," in ji shi can, "da gaske za su ƙona shi?"

"In aka sallame La'asar."

"Ba shi da kowa, ko?"

"Ba shi da kowa."

Bala ya jira. Ya ba shi lokacin da za a ci goro guda a tofar da tuƙa. Modu ya ci gaba da share ramuka.

Akwai wata hanyar, kuma Bala ya gan ta sarai. Masunta suna da kwalekwale a bayan gada. Ya kama hannun Modu su sulale, kafin La'asar sun yi nisa, kafin Magariba suna gaban 'yan sanda a Haɗeja. Sai ya aiko wa Bulama cewa batir yana kan suri kaza, mai laifi yana hannun hukuma, a saki baƙo. Gana ya tsira, Modu ya tsira da fatarsa. Sai dai ba wanda zai ga yadda aka yi. Za a ce tsohon ya tona kansa ne, Bala rakiya kawai ya yi.

Masu dawowa daga maƙabarta suka ratsa ta gefensu, Munzali a tsakiya. Ya hango su ya ɗaga murya don kowa ya ji.

"Ku duba wanda Bulama ya ce mu jira! An aike shi bin sawu ya zo ya zauna dara. Baba, in idon ya mutu ka faɗa, a daina ɓata mana fetur yana hucewa."

Samari suka tuntsire da dariya.

Bala ya ɗauki karansa ya miƙe, gwiwar ta yi ƙara. Ya gyara zaman hula.

"Modu, in an yi sallah ka zo ƙofar Bulama. Ina son dattawa su shaida."

* * *

Garin kaf ya zo. Ni ma na samu wuri mai inuwa. Bala ya sa aka share ƙofar gidan Bulama aka yayyafa ruwa, aka ja tsintsiya har ƙasa ta kwanta lumui. Ya aiki mutum biyu suka ɗauko batirin daga suri, a naɗensa, aka ajiye a tsakiya. Jama'a ta yi guna-guni. Bala ya bar ta ta ƙoshi kafin ya yi magana, don ya san sana'arsa.

"Allah ya taimaki Bulama, wanda ya ɗauki wannan ya sa takalmin da kowa ke da shi. Ya ɓoye ƙafarsa. Tafiyarsa ce bai iya ɓoyewa ba." Ya ɗaga karan. "Ga ta nan. Kowa zai taka daga nan zuwa bango."

Aka kwance ƙafafun Gana. Ya taka yana tangaɗi, jini na ɗiga, amma ko a haka takunsa ya wuce karan da tafin hannu guda. Julde ya ratsa filin da taku shida, sanda a wuya. Malam Khalid ya yi tafiyar agwagwarsa yana salati. Bala ya bi kowane sawu ya ɗora kara, a hankali, yana ɗagowa yana girgiza kai, yana barin mutane su matso su gani.

"To wa ya rage?" in ji Munzali. "Ko duk garin za ka sa mu yi fareti?"

"A sake sharewa," in ji Bala.

Aka share. Bai dubi layin dattawa ba da ya yi magana.

"Modu, taso."

Aka yi dariya, an ɗauka wasa ne na abokan dara. Julde, da yake Bafulatani da Babarbare ba sa haɗuwa a rabu ba a taɓa juna ba, ya ce, "Yawwa, a auna bawan nan nawa! Dama na daɗe ina cewa Babarbare ko a masallaci ka gan shi ka riƙe takalminka."

Modu ya miƙe. Ya tsaya a bakin filin ya dubi bangon, kamar wanda aka ce ya haye kogi. Ya ɗaga ƙafar dama ya jefa ta nesa, nesa fiye da yadda ta taɓa zuwa, har ya kusa faɗuwa. Ya jefa ta hagu haka. A taku na uku ƙafar ta ƙi. Ta sauka inda ta saba sauka. Na huɗu ma haka, na biyar ma haka, kikit-kikit har bango, kamar akwai katakai a binne a ƙofar Bulama waɗanda shi kaɗai yake gani.

Dariya ta mutu. Bala ya tsallake sawu biyun farko ya ɗora kara a na uku. Karan ya zauna daidai. Ya ɗora a na huɗu. Ya bi su duka har bango, ko ɗaya bai tsallake ba, ko da yake na uku ma ya isa.

Modu bai juyo ba. Bangon ya yi wa magana.

"Na ce in jirgi ya zo shinge bai sauka ba, su tarar da ni a tsaye da tuta. Sau ɗaya kawai. Su ga ƙarfe yana iya mantuwa, ni ban taɓa yi ba. Da yamma in mayar musu da abinsu." Ya dafa bangon. "Na koma gida in karya, in yi guga. Na ce sha ɗaya in fito, da sauran lokaci. Shekara talatin da ɗaya, Bulama. Wallahi bai taɓa zuwa ƙarfe takwas ba."

"Ƙanena fa?" in ji Munzali, a hankali. "Shi ma da yamma za ka mayar mini?"

Bulama ya yi wuf ya rungume galan ɗin fetur ya ruga da shi cikin gida, har yau kuma yana ba da labarin wannan jarunta. Sanduna dai ba wanda ya rungume. Ƙafafun Modu suka fara nema, tun da su aka nuna musu. Mutum ɗaya ne ya faɗa kan tsohon ya kare shi da bayansa, Julde, yana ihu, "Ku bar mini bawana! Ku bar shi!" Sai da aka fasa masa kai aka janye shi gefe, aka ci gaba.

Bala yana tsaye da kara a hannu. Wani ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Baba, ashe kana nan da aikinka." Ya ji kansa yana cewa, "Sai godiyar Allah."

* * *

Washegari 'yan sanda suka iso a kwalekwale suka ɗauki Modu. Bai kai Haɗeja ba, ya cika a kan ruwa wajen gonakin shinkafa.

Gana kuwa an manta da shi a gindin bango da hannu a ɗaure har bayan Magariba, sai 'Yar'azumi ce ta yanke igiyar da wuƙar albasa. Ba wanda ya ba shi haƙuri. Wasu ma sun ce ko bai saci wannan ba ai ya saci wani. Ya tsinci abin da wuta ta rage a buhu ya bi layin dogo da ƙafa.

Sunan Bala ya dawo. A watan nan kaɗai sau uku aka zo ɗaukarsa a babur, har daga Auyo. Samari suka koma gaishe shi da durƙuso. Gindin tsamiya ne dai bai ƙara zama ba, ya ce tururuwa ta yi yawa a wurin.

Bayan mako bakwai, da ruwa ya janye, injiniya ya zo daga Kano don ya mayar da batirin. Ya ɗaura shi, ya bi waya da hannu, ya kira Malam Khalid ya tambaye shi da me aka sauke shingen ranar buɗewa. Malam Khalid ya ce da janareton ɗan kwangila, wanda ya tafi da abinsa a ranar. Injiniyan ya rufe akwatin ya goge hannu. Fitila kaɗai batirin yake kunnawa. Ba a taɓa haɗa shi da shingen ba.